Waya a Hannunka, Makulli a Hannun Wani

Akwai musun da ba ya ƙarewa a teburin wani mai shayi kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Da an idar da sallar isha'i, ɗaliban kimiyyar kwamfuta sun jeru a benci suna jiran a soya musu ƙwai, sai wani ya tono shi: wane yaren kwamfuta ne gaba? Wannan ya ce Python, da shi ake aikin ƙirƙirarriyar basira. Wancan ya ce JavaScript ne mai kawo abinci, ka iya shi kana zaune a Zariya kamfanin waje na biyanka da dala. Na gefe ya ce wanda bai taɓa rubuta C ba ɗan kallo ne a harkar. Kafin shayi ya huce an yi wa PHP jana'iza an binne.

Wani dare muna zaune da wani mai gyaran waya da ke da shago a PZ, mutum ne da ya girme su duka. Ya saurare su har suka gaji, sannan ya ajiye kofinsa ya ce, "Ƙannena, ku koyi duk wanda za ku koya, Allah ya ba da sa'a. Ni dai abin da nake gani kullum shi ne mutum ya kawo min waya gilashi ya fashe, ya karanta min lambar buɗe ta da bakinsa, ya tafi kasuwa sai yamma. Hotunan iyalinsa na ciki, bankinsa na ciki. Tsoron Allah ne kawai ya tsare shi daga gare ni." Aka yi shiru na ɗan lokaci. Sai wani ya ce ai maganin wannan shi ne a koma wa buɗaɗɗiyar waya, irin wadda babu Google a cikinta. Nan kuma wani sabon musun ya tashi.

Na daɗe ina juya zancen wannan daren. Musun yare, da maganar sirri, da batun buɗaɗɗiyar waya, a baki kamar abu uku ne, amma tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsu. Wannan abin da ke aljihunka, wa ke iya leƙa cikinsa ya ga yadda yake aiki, wa kuma yake leƙen ka ta cikinsa ba ka sani ba?

Mu fara da yaren. Kwamfuta, har da wayar hannu, ba ta jin komai sai sifili da ɗaya. Yaren kwamfuta hanya ce da mutum zai rubuta umarni yadda shi zai iya karantawa, sannan wata manhaja ta yi tafinta ta mayar da shi abin da na'ura ke ji. Yarukan sun yi yawa ne domin kowanne wata buƙata ce ta haife shi. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a farkon shekarun 1970 don a rubuta manhajar da ke taɓa ƙarfen na'ura kai tsaye. Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fito da Python a 1991 da nufin rubutu ya yi sauƙin karantawa. A 1995 kaɗai aka samu Java da PHP da JavaScript, kuma shi JavaScript ɗin Brendan Eich a cikin kwana goma ya haɗa na farkonsa, don shafin intanet ya riƙa motsi a gaban mai kallo.

Wayar mai shayin nan ma ta isa ta raba gardamar. Zuciyar Android ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma akasarinta da C aka rubuta. Manhajojin da ke samanta yawanci Java ne ko Kotlin, wanda Google ya rungume shi a 2017. In ya buɗe shafin intanet, JavaScript ne ke aiki. PHP da aka binne a kan benci kuwa, da shi aka gina WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, da shi kuma Wikipedia ke tafiya, har da ta Hausa. COBOL na 1959 har gobe yana ƙirga kuɗi a manyan bankunan duniya. Yare ba ya mutuwa don samari sun daina yayinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ɗalibin da ya riƙe guda ɗaya ya iya shi da gaske, na biyu ba zai ba shi wuya ba.

Akwai dai wuri ɗaya da zaɓin yare yake shafar mutumin da bai taɓa ganin rubutun manhaja ba, kuma shi ne wurin da ba a cika taɓowa a teburin shayi ba. C da ƙanensa C++ suna bar wa marubuci ragamar ma'adanar na'ura a hannunsa. Shi zai ce a ware wuri kaza don ajiye abu kaza, shi kuma zai kula kada abin ya zarce wurin. Ɗauki misalin mai shago da littafin bashi: ya ware wa Malam Tanko layi biyar, rubutu ya yi yawa, alƙalami ya zarce cikin shafin wani ya goge abin da ke can. C ba zai riƙe masa hannu ba. Masu kutse wannan zarcewar suke nema, domin in suka iya tura rubutun da ya fi wurinsa, suna iya cusa umarninsu a inda na'ura za ta ɗauka nata ne.

A watan Afrilun 2014 aka gano irin wannan kuskure a OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafuka ke dogara da ita wajen kulle hirarsu da masu ziyara. Aka sa wa matsalar suna Heartbleed. Yadda take shi ne ka aika wa babbar kwamfutar shafi 'yar kalma, ka ce ta maimaita maka, amma ka yi ƙaryar tsawonta. Ita kuma ba ta auna ba, sai ta kwaso maka kalmar haɗe da abin da ke maƙwabtaka da ita a ma'adana, har kilobait 64 a jefa ɗaya, wanda zai iya zama kalmomin sirrin mutane. A 2019 kuma aka gano an yi amfani da kuskure na wannan dangin a sashen kira na WhatsApp wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyin mutum kusan 1,400. Kira kawai ake yi, ko ba ka ɗauka ba an shiga. A shekarar ne Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa duk shekara daga matsalar ma'adana suke.

Dalilin da ya sa ake ta zancen Rust ke nan. Yare ne da ya fito a tsaye a 2015, an gina shi yadda tafintan zai ƙi karɓar rubutun da zai iya irin wannan zarcewar. Linux ta buɗe masa ƙofa a ƙarshen 2022. Google ya ce tun da ya karkata sabon rubutun Android zuwa yarukan da ke tsare ma'adana, kason irin waɗannan ramuka ya sauko daga kashi 76 a 2019 zuwa 24 a 2024. To ka ga a nan musun yare ya tashi daga na son rai. Yaren da wani saurayi ya zaɓa a wani ofis a Amurka ko Chaina yana iya zama dalilin da hoton 'yar wani a Tudun Wada ya fita ko ya tsira.

Sai maganar sirri, wadda ta fi ci min rai. Amsar da na fi ji ita ce, "Ni me nake da shi da za a sata? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." Ina mamakin jin wannan daga bakin mutumin Zazzau. Shiga cikin birni ta Ƙofar Doka ka dubi yadda kakanninmu suka gina gida. Baƙo yana tsayawa a zaure. Wanda ya fi kusa ya wuce shigifa. Tsakar gida sai muharrami, turaka kuwa sai mai ita. Babu wanda ya taɓa cewa mai gidan laifi yake ɓoyewa. Mun taso ana koya mana sallama kafin shiga, kuma aya ta 27 a Suratun Nur ta yi umarni da hakan, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane. Addu'ar da tsohuwa ke yi wa jikanta ita ce Allah ya rufa asiri. Mu ne muka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wayar hannu ta tattara zaure da tsakar gida da turaka a wuri ɗaya, muka kuma bar ƙofar a buɗe, domin ba mu ɗauke ta a matsayin gida ba.

Wani tela maƙwabcinmu ya ci bashin Naira dubu 15 a wata manhajar ba da rance gab da sallah, zai sayi zare da kayan aiki. Ya makara da biya kwana kaɗan. Sai ga saƙo a wayar surukinsa, da ta limamin unguwa, da ta matan da yake yi wa ɗinki, ana cewa ɓarawo ne a guje shi. Ya zo wurina idonsa ja, yana cewa, "Malam, ina suka samo lambar Baba? Ni ban ba su ba." Ya ba su. Ranar da ya sauke manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, ya danna amincewa don ya wuce, kamar yadda kusan kowa ke yi. A daƙiƙar nan ta kwashe su gaba ɗaya ta aika can. Kuɗin ya biya daga baya, amma ya yi watanni bai iya haɗa ido da surukinsa ba. Irin wannan ta'asar ta yi yawa a Najeriya har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar wa kamfanonin a 2022, Google kuma a 2023 ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane. Masu raba manhajarsu ta hanyar aika mahaɗi a saƙo, ba ta Play Store ba, wannan hanin bai kai gare su ba.

Wani zai ce ai WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne, tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, da tsarin da masu manhajar saƙo ta Signal suka ƙirƙira, kuma kamfanin kansa ba ya iya karanta abin da ka rubuta. Wanda ba a kulle ba shi ne bayanin da ke kewaye da saƙon: wa ka yi magana da shi, yaushe, sau nawa, da wace waya. Ka ɗauka akwai mutumin da ke zaune a ƙofar gidanka dare da rana. Ba ya jin hirar da ake yi a ciki, amma yana rubuta duk wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Ya ga ka je asibitin Shika sau uku a wata ɗaya, ya ga ka kira lauya, ya ga matarka ta kwana bakwai a gidansu. Wannan mutumin ya san halin da kake ciki ko bai ji kalma ɗaya ba. Telegram kuma, da wasu ke ɗauka ya fi tsaro, hirarsa ta yau da kullum ba ta da irin wancan kullin sai ka zaɓi hirar sirri da kanka.

Bayanin inda kake ma haja ce ta sayarwa. A 2020 wani binciken 'yan jarida a Amurka ya nuna cewa Muslim Pro, manhajar lokutan sallah da miliyoyin Musulmi ke amfani da ita, tana miƙa bayanan wurin masu amfani da ita ga wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soji bayanan kowa, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. Abin lura a nan shi ne mai neman alƙibla dole ya ba da izinin wurinsa, kuma ba shi da hanyar sanin inda bayanin ya nufa daga nan. Truecaller kuma, manhajar da ke nuna sunan mai kira, wani salo ne: ko ba ka taɓa sauke ta ba, sunanka na iya kasancewa a rumbunta, domin wani da ke da lambarka ya buɗe mata littafinsa. Sirrinka ba a hannunka kaɗai yake ba.

Doka tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, kamfanin da ke da Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Gwamnati kanta kuma babbar mai tara bayanai ce: BVN tun 2014, sai umarnin haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020. Ba na cikin masu cewa wannan haɗin ba shi da dalili. Duk wanda ya zauna a jihar Kaduna a shekarun nan ya san abin da kiran masu garkuwa da mutane yake nufi ga iyali. Sai dai wanda ya tara hatsin gari a rumbu ɗaya, gadin rumbun ya hau kansa. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN da BVN na mutane a kan Naira 100, hukumar NIMC kuma ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Ko ta ina ya yoyo, mai bayanin ba zai iya canza zanen yatsansa ba kamar yadda ake canza kalmar sirri.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, yawancin asirin da ke tonuwa a Zariya ba daga nesa ake tona shi ba. Yaron shagon intanet ne da ya buɗe wa ɗaliba imel lokacin rajistar JAMB, kalmar sirrin na hannunsa har ta gama jami'a. Dattijo ne da ke miƙa wa mai POS kati ya faɗi lambarsa da ƙarfi a gaban layi. Wayar da aka sayar a Sabon Gari ce ba a goge ta ba. Lambar nan shida ce da wani ya kira ya ce an turo maka bisa kuskure, ka karanta masa, ya ƙwace WhatsApp ɗinka ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Babu irin wayar da za ka saya ta tsare ka daga waɗannan.

To mece ce buɗaɗɗiyar manhajar da ɗalibin nan ya kawo a matsayin magani? Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, wanda masu harkar ke kira kod. Kamfani na iya ɓoye shi ya ba ka abin da tafinta ya riga ya juya, ka yi amfani da shi ba ka san me ke ciki ba. Cinikin biri a sama ke nan. Yana kuma iya buɗe shi kowa ya karanta. Richard Stallman, wanda ya fara GNU, aikin gina buɗaɗɗun manhajoji, a 1983, abin da ya tunzura shi har da wata na'urar buga takardu a jami'ar MIT da ke yawan cije takarda, ya nemi rubutun manhajarta don ya gyara aka hana shi. Daga nan ya tsaya a kan haƙƙi huɗu: ka yi amfani da manhaja yadda kake so, ka karanta ta ka gyara, ka raba wa wasu, ka kuma raba gyaran da ka yi. Turanci na fama da ruɗani a nan domin kalma ɗaya yake da ita ga kyauta da 'yanci. Hausa ta raba su. Facebook kyauta ne, amma ba ka da 'yancin duba cikinsa.

Android kuwa, wadda Google ya saya a 2005 ta fito a waya ta farko a 2008, ana kiranta buɗaɗɗiya, kuma rabin gaskiya ne. Ginshiƙinta a buɗe yake. Amma Play Store, da taswira, da hidimomin Google da yawancin manhajoji ke jingina da su don turo sanarwa ko gano wuri, duk a rufe suke. An ga nauyin wannan a 2019 da Amurka ta sa wa Huawei takunkumi: ginshiƙin na hannunsa, amma rashin hidimomin Google ya karya kasuwar wayoyinsa a wajen Chaina. A saman wannan akwai abin da kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗora, manhajojin da ka tarar a ciki waɗanda ba sa goguwa. A ƙasa kuma akwai wata 'yar kwamfuta daban da ke magana da turken sadarwa, tana da manhajarta a rufe, kusan a kowace waya a duniya. A 2020 wani kamfanin tsaro ya ba da rahoton samun muguwar manhaja da ta zo tun daga kwali a dubban wayoyin Tecno W2 a wasu ƙasashen Afirka, tana cin data tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin Transsion, mai ƙera Tecno, ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Mai wayar dai ba shi da yadda zai gano da kansa.

Masu son fita daga wannan sun bi hanya biyu. Wasu suna cire manhajar da waya ta zo da ita su ɗora wata da aka gina a kan buɗaɗɗen ginshiƙin Android, irin su LineageOS, ko /e/OS, ko GrapheneOS wadda ta fi tsanantawa a tsaro kuma ta daɗe tana aiki a wayoyin Pixel na Google kaɗai. Wasu kuma sun ƙera waya sukutum mai tafiya da Linux, kamar PinePhone da Librem 5, masu 'yan makunnai da za ka kashe kyamara da makirufo da hannunka, yadda babu manhajar da za ta iya kunna su a ɓoye. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Amma manya ma sun gwada sun janye: Mozilla ta ajiye manhajar wayarta Firefox OS a 2016, Canonical ya yi watsi da tasa, Ubuntu Touch, a 2017, 'yan sa-kai ne suka ci gaba da ita.

Kawo wannan Zariya ka gani. Wayoyin da ke hannun mutane Tecno ne da Infinix da itel, sai Redmi da Samsung. Transsion ya ci kasuwar nan ne da abin da mutane ke buƙata: layi biyu, batirin da ke jure rashin wuta, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, farashin da talaka zai iya, da kayan gyara a kowane lungu. Da wuya ka ga waɗannan wayoyin a jerin waɗanda buɗaɗɗun manhajojin nan ke tallafawa. Pixel sai dai ta gwanjo, in gilashinta ya fashe kuma kuɗin canji ya kusa sayen sabuwar itel. Manhajojin banki da yawa suna bincikar ko an taɓa cikin waya, in an taɓa su ƙi buɗewa. Wayar Linux ba ta da WhatsApp nata na kanta, alhali a nan cinikin atamfa, da sanarwar ɗaurin aure, da darasin islamiyya, da jadawalin lacca, duk ta can suke bi. Ka ce wa mai sayar da masara a kasuwar Samaru ya bar wannan don tsare sirrinsa, ka ce masa ya rufe rumfa ke nan.

Kuma buɗewa ita kaɗai ba ta tsare kowa. Heartbleed a buɗaɗɗen rubutu yake, ya shekara biyu a fili babu wanda ya lura. A watan Maris na 2024 aka gano wani da ya ɓoye sunansa ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa mai kula da xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, har aka amince masa, sannan ya dasa ƙofar baya da za ta iya buɗe masa dubban manyan kwamfutoci. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta kafin ta yaɗu. Mugun ya samu shiga ne domin aikin na kan wuyan ɗan sa-kai guda da ya gaji. An kuma kama shi ne domin rubutun a buɗe yake, aka samu mai iya karantawa da ya damu ya duba. Abin da buɗewa ke ba ka shi ne damar dubawa, damar kuma ba ta da amfani in babu masu karatu.

Shi ya sa musun teburin shayi yake dama na. Ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa, a garin da ke da ABU tun 1962, da cibiyar kwamfuta mai sunan Iya Abubakar, da kwalejin Nuhu Bamalli, amma hirar duk ta tsaya a wane yare ne zai kai mutum ga dala. Neman halal ba laifi ba ne, kowa na da iyayen da ke jiran sa. Sai dai ana koya musu rubutawa, ba a cika koya musu karanta rubutun wasu ba, alhali a nan ne al'ummarsu ta fi buƙatarsu. A Zariya aka daidaita rubutun boko na Hausa a shekarun 1930, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai da wasu suka zauna suka yi aikin shigar da su injin ɗab'i. Yau in rufaffiyar manhaja ta mayar maka da ƙ akwatin banza, sai dai ka roƙi kamfani ka jira. In buɗaɗɗiya ce, ɗalibi a Kongo ko Samaru zai iya gyarawa ya tura, ya fassara ta zuwa Hausa yadda gargaɗin neman izini zai fito da harshen da telan unguwarmu ke karantawa. Da ya ga an rubuta masa "wannan manhaja za ta kwashi lambobin duk mutanen da ke wayarka", ina kyautata zaton da ya dakata.

Kafin a kai can, akwai abin da mai Tecno zai iya yi yau ba tare da ya canza waya ba. Ya shiga saitin izini ya ga wace manhaja ke ganin lambobinsa da wurinsa da makirufonsa, ya ƙwace daga wadda ba ta da hujja. Ya sa wa WhatsApp lambar tabbaci ta biyu. In zai sayi waya ya tambayi shekara nawa kamfanin zai riƙa turo gyaran tsaro, domin Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai a manyan wayoyinsu na baya-bayan nan, masu araha da yawa kuwa ba sa kusantar haka, kuma wayar da aka daina yi wa gyara duk ramin da aka gano bayan nan a buɗe zai zauna. Akwai F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajoji da ke aiki a kowace Android, akwai Firefox da VLC da Signal. In za a kai gyara a cire sim da katin memori, in aikin bai buƙaci buɗe waya ba kada a ba da lamba, in ya buƙata a zauna a wurin. Mai gyaran PZ ɗin nan ya ce shi kansa ya fi son haka, domin ko wani abu ya fita daga baya babu mai zarginsa.

Ɗalibin da ke kare Python ya tare ni bayan wannan daren ya ce, "Yaya, to ni wanne zan riƙe?" Na ce ya riƙe wanda ya fara, amma ya ɗauko wata 'yar ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ko da yarenta baƙo ne gare shi. Ya zaɓi ta tocila, wadda aka rubuta da Kotlin. Bayan mako biyu muka haɗu a bencin. Ya ce abin da ya ba shi mamaki shi ne ƙanƙantar aikin, layuka kaɗan ne ke kunna fitilar, kuma babu inda take buƙatar intanet. Sai ya buɗe tocilar da ya daɗe da saukewa a wayarsa ya nuna mana izinin da ta karɓa: wurin da yake, da lambobin mutanensa, da ma'ajiyar hotuna. Yana cikin goge ta mai shayi ya goge hannunsa da tsumma, ya zaro tasa wayar daga aljihun gaba ya miƙo ta saman tebur, ya ce, "Ɗan'uwa, duba min tawa."